Ranar da Aka Mayar da Zakari Gida

Nababa bai taɓa ɗaukar gawa a motarsa ba sai ta Zakari. Motar kanta ce, mai buɗaɗɗen baya, ta ɗaukar bulo da siminti da rodi, daga kasuwar kayan gini ta Dei-Dei zuwa duk inda mai gini ya nuna da yatsa. Amma ran nan tun da sassafe ya wanke bayanta tas da omo, ya shimfiɗa tabarma, ya aro bencina a wurin mai shayi ya jera a gefe da gefe. Ya karyo ɗanyen ganye ya soke a gaban motar da bayanta, don duk wanda ya hango ya san mamaci ne ke tafe.

Sunan mutumin na coci Zacharias. Harshen Nababa ne ya kasa, ya mayar da shi Zakari, shi kuma ya ci gaba da amsawa har ya bar duniya. Sun haɗu ne a shekarun da ake ɗauko gwamnati daga Legas ana kawo ta nan, ana tashin ƙauyukan Gbagyi don a ba birni wuri. Lokacin Nababa na saurayi, yana jan ɗaya daga cikin manyan motocin da aka turo su kwashe mutane. Shi ya kwashi gidan su Zakari: tukwane, dutsen niƙa, irin doya, awaki a ɗaure. Zakari ya zauna a gaba kusa da shi, yana kallon dutsen garinsu har ya ɓace a madubi. Sannan ya juyo ya ce, "Direba, kai ka fitar da ni. To, kai za ka mayar da ni."

Nababa dariya ya yi a lokacin. Amma maganar ta zauna, har ta zama gaisuwarsu. Duk sanda suka haɗu a kasuwa sai Zakari ya buga bodin motar ya ce, "Tana nan lafiya? Ka riƙa kula da ita, ina da tafiya."

Yanzu tafiyar ta zo. Birni ya cinye gonakin tsohon ƙauyen tuni, amma makabartar kakanninsu na nan a gindin dutse, tare da 'yan gidajen da suka ƙi tashi. Can Zakari ya ce a kai shi. Abin da ya ƙaru tsakanin sabon mazauni da tsohon, wanda babu shi ranar da aka kwaso su, shi ne layin dogo.

Tun a ƙofar gida aka fara. An ɗora akwatin gawar, matan zumunta sun hau da anko ɗinsu sun zagaye shi, Christina 'yar mamacin ta zauna ta wajen kai. Lungun matsattse ne, Nababa ya kai hannu zai sa ribas ya juya. Sai ya ji an daki ƙofa.

"Tsaya! Ina za ka?"

Abednego ne, ƙanen Zakari, manomi mai Hausar Gbagyi, dogo busasshe, kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya sauka saboda daɗewa da ɗaukar kaya.

"Ribas zan ɗan yi, Yaya, in juya."

"Babu ribas." Ya zagayo ya shigo gaba ya zauna, ya rufe ƙofa da ƙarfi. "A gidanmu in gawa ya fita ƙofa, ba ya komawa baya ko da taku ɗaya. In ya koma, to ya dawo ɗaukar wani ke nan. Ranar da muka kai babanmu, masu ɗauka suka ja baya don su kauce ma kwazazzabo. Kafin a haƙe doya ƙanwarmu ya bi shi. Ni na gani da idona."

Nababa ya ɗauke hannu daga giya. Ba abin da ya yarda da shi ba ne, amma ba gidansu ba ne, kuma ba gawarsu ba ce. Christina ta leƙo ta ɗan tagar da ke tsakanin gaban mota da baya, ta dubi Nababa.

"Kawu, yi haƙuri. Bi ta bayan coci, akwai hanya."

Haka ya bi ta bayan coci, ya ratsa ta inda ake shanya rogo, madubinsa na gogar katangar mutane, har ya fito bakin titi bai taɓa ribas ba. Akori-kurar Fasto na gaba, da samarin da ke riƙe da gicciyen katako. Matan suka ɗauki waƙa, suna kaɗa tulu.

Akwai abin da kowa ya san Nababa da shi a tasha. Shekarar da jirgin ƙasa ya fara wucewa, ƙungiyar direbobi ta tara su a rumfa, wani mutumin ma'aikatar jirgi ya zo ya yi musu bayani. Wasu na danna waya, wasu na gyangyaɗi. Nababa ya saurara daga farko har ƙarshe, don shi dama mai sauraro ne. Ka tsaya tun kafin ka kai ga ƙarfen. Ka sauke gilashi, ka kashe rediyo, ka ce wa fasinja su yi shiru. Ka duba hagu, ka duba dama, ka sake dubawa. In ka hau kada ka canja giya sai ka sauka. In mota ta maƙale, mutane za ka fara fitarwa, ka manta da mota. Babbar cikinsu kuwa, mutumin sai da ya maimaita ta yana buga tebur: kada ka hau layi sai ka ga fili a ƙetare wanda zai ɗauke motarka duka, har jelarta. Jirgi ba ya kaucewa, kuma ba ya tsayawa kamar mota.

Tun daga ranar Nababa bai taɓa tsallake layin nan bai tsaya ba, ko da kuwa babu kowa sai shi da kadangaru. Yaran tasha suka laƙaba masa Limamin Dogo, wai yana tsayawa kamar zai tayar da sallah.

Ranar kasuwa ce. Tun daga nesa ya ga cunkoso. A mahaɗar titin da layin dogo hanya ta tsuke, masu tumatir da masu rake sun cinye gefenta, rana kuma ta take tsaka. Akwai ɗan ɗakin mai gadi, da dogon ƙarfen tare hanya da ake saukewa da hannu, a ɗage. Mai gadin, Thaddeus, yana zaune a inuwa da jar tutarsa a cinya. Akori-kurar Fasto ta kutsa ta tsallake ta shige cikin motocin ƙetare.

Nababa ya taka burki tun kafin ƙarfen tarewar. Ya sauke gilashi. Ya ƙwanƙwasa tagar baya.

"Christina, ce musu su ɗan tsagaita."

Waƙar ta mutu guntu-guntu. Ya kasa kunne. Babu komai sai hon da cinikin kasuwa. Ya duba dama, layin a miƙe yake fayau. Ya duba hagu, can kuwa ya yi kwana ya shige bayan wani tudu mai bishiyoyi. A ƙetare wata tirela ce ɗauke da rodi, ƙarafan sun zarce bodinta, an ɗaura musu jan tsumma. Tsakanin tsumman da layi ko keke ba zai zauna ba.

"Me muke jira?" in ji Abednego.

"Fili, Yaya."

"Ga Fasto can ya tafi da gicciye. Ka raba mutum da gicciyensa."

"Za mu same su."

Daga baya aka danna wani hon mai girgiza ciki. Ɗangoggo ne, abokin wasansa na tasha, a tifar yashi. Ya zuro kai yana dariya.

"Liman! An idar ne ko da sauran raka'a? Wasu fa yashi suka ɗauko, ba lada suka zo nema ba!"

Nababa ya ci gaba da kallon ƙetare. Zufa na bin bayansa. Motocin da ke bayan tifa suka ɗauki hon gaba ɗaya. Wani mai keke ya zagayo ya zage shi ya wuce. Duk wannan ya saba da shi. Abin da bai saba da shi ba shi ne muryar Christina ta taga, a hankali.

"Kawu, rana tana dukan Baba."

Tun safe aka fito da shi daga ɗakin sanyi na asibiti. Nababa ya kalli madubi, ya ga matan sun kwance mayafansu suna yi wa akwatin inuwa da hannuwa a sama.

Daidai nan tirelar ta yi tari, ta fitar da baƙin hayaƙi, ta fara motsawa. Jan tsumman ya soma nisa da layi. Filin bai kai tsawon kanta ba, rabinta ma da ƙyar. Amma tirelar tafiya take yi. Nababa ya ce a ransa, kafin in isa ya buɗe. Ya sa giya ɗaya, ya saki kuloci, ya hau.

Tayoyin gaba suka tsallake ƙarfen farko, suka tsallake na biyu. Sai jar fitilar tirelar ta kama. Ta tsaya cak. Can gabanta wani keke mai ɗauke da buhunan gawayi ya kife a tsakiyar hanya. Kafin Nababa ya ƙifta ido 'yan acaɓa sun kwararo cikin ɗan filin da ya buɗe, ta hagu ta dama, suka cike shi taf. Ya taka burki. Gaban kanta na ƙetare, tayoyin baya na wancan gefen da ya baro, tsakiyarta kuwa, inda akwatin Zakari yake, tana bisa layin dogo daidai.

Da farko ba wanda ya damu. Matan ma har sun fara gyara murya za su koma waƙa. Nababa ne kaɗai ya damu da inda suke tsaye. Ya danna hon. 'Yan acaɓan suka waiwayo suka nuna masa rodin da ke gabansu, su ma ina za su? Ya duba madubi. Ɗangoggo ya biyo shi, hancin tifa ya shigo har ƙarƙashin ƙarfen tarewa, ya bar tsakaninsu abin da bai fi kamu biyu ba. Ya gwada buɗe ƙofarsa, ta daki buhun doya da ke ɗaure a bayan wani babur, ta dawo. Ta wajen Abednego ma babura ne a manne.

Ya zauna. Injin na kaɗawa a ƙarƙashinsa. Yana jin warin gawayi da na ɗanyen ganyen da rana ta fara dafawa. Ya riƙa kallon jan tsumman nan yana roƙonsa a zuci ya motsa.

Sai oba-obar Thaddeus, rediyon hannun da yake magana da tashar jirgi, ta yi ƙara a ɗakin gadi. Nababa ya ga mutumin ya kara ta a kunne, ya ga ya miƙe tsaye har kujerarsa ta faɗi.

"Jirgi ya baro tasha! Ku ba da hanya! Kai mai kanta, sauka daga nan! Sauka!"

Ya kama igiyar ƙarfen tarewa zai sauke, ya ga kan tifa zai faɗa. Ya saki. Ya yi magana cikin oba-obar da sauri, sannan ya ɗaga jar tutarsa ya zuba da gudu a gefen layi, ya nufi kwanar nan ta hagu.

Nababa ya zura kai ta taga.

"Ɗangoggo! Ja baya! Ja baya, don Allah!"

Dariyar ta bar fuskar Ɗangoggo. Ya waiwaya, bayansa motoci ne a jere kamar an ɗinke su. Ya diro daga tifa, ya bi su yana dukan bonet da tafin hannu. "Baya! Baya! Kai oga, ajiye wayar nan ka yi ribas, ko in yi da kai!"

Nababa ya taka kuloci ya kai hannu kan giya. Ko kamu biyun nan ne ya ci, kafin sauran ya samu. Sai ya ji hannu a kan nasa, busasshe, mai kanta kamar bawon itace.

"Na faɗa maka tun a gida," in ji Abednego.

"Yaya, jirgi ne."

"Na ji. Gaba za ka yi."

"Gaba ina? Duba da idonka!"

"Su matsa."

"Ba za su iya ba!"

"To mu jira su iya." Tsohon ya ƙara danne masa hannu. "Christina yana da yara ƙanana. Ni ina da jikoki. Wa kake so ya dawo ya ɗauka? Zaɓa min."

Nababa ya dube shi. Ba taurin kai ya gani a idonsa ba, tsoro ne, irin wanda ke cikin nasa. Ya fi ƙarfin tsohon, zai iya fizge hannunsa. Amma ko ya fizge, filin bai samu ba tukuna, kamu biyu ba za su sauke akwatin daga kan layi ba. In kuma ya samu ya ja da gawar baya, duk wanda ya fara yin zazzaɓi a gidan nan, shi ne ya jawo.

Ya bar giyar, ya juya ga tagar baya.

"Kowa ya sauka! Christina, sauke su! Ku yi nesa da layi, ta ɓangaren da jirgin zai fito!"

Ya tuna har da wannan: abin da jirgi ya daka gabansa yake watsawa, wanda ya gudu ta inda jirgin ya nufa shi tarkace ke samu.

Masu goyo suka fara dirowa, ana miƙa musu hannu. Tulun kiɗa ya faɗi ya fashe. Amma tsofaffin matan ba su motsa ba, Christina kuma ta kwantar da hannayenta biyu a kan akwatin.

"Christina!"

"Kawu, ba zan bar Baba a kan ƙarfen nan ba."

"Baba ya riga ya tafi, ke ce da rai!"

"Na sani. Ba zan bar shi ba."

Can nesa, bayan tudun, aka ji kukan jirgi. Dogo, siriri. Kasuwa ta yi tsit na ɗan lokaci, sannan ta ɓarke. Masu tumatir suka bar tirensu. Wasu 'yan acaɓa suka yar da babura suka haura ta kan na 'yan uwansu, baburan da suka zube suka ƙara toshe gaban kanta.

Nababa na zaune, gaba rodi, baya tifa, ƙofa a danne, hannun tsoho a kan giya. Ya ji kamar gidan gaban motar na tsukewa. Idonsa ya sauka a kan kafaɗar Abednego, wadda ta sauka ɗin nan, rigar ta zame ta nuna baƙin tabon da kaya suka bari. Sai ranar kwasar nan ta dawo masa. Uwar su Zakari ta ƙi yarda a sa tukunyarta a mota. Ta ɗora ta a kafaɗa yadda matansu ke yi, don su ba sa ɗora wa kai kaya, ta shige gaban motar tana tafiya a ƙasa. Shi kuma yana binta a giya ɗaya, yana jin haushi, har sai da ta gaji don kanta.

"Yaya," ya ce, "mota ce ba ta da hanya. Mutum yana da ita."

"Me kake cewa?"

"Gefen motar nan yana buɗewa. Ba ta baya za a fitar da shi ba, ta gefe. Ku ɗauke shi a kafaɗa ku yi gaba. Ko taku ɗaya ba zai koma ba."

Abednego ya waiwaya ya dubi akwatin ta tagar baya.

"Ya ce kai za ka kai shi."

"Zan zo. Sakar min hannu."

Jirgin ya sake kuka, wannan karon da kauri. Tsohon ya ɗauke hannunsa.

Nababa ya ja burkin hannu, ya bar injin a kunne, ya ɗauki sifana daga ƙarƙashin kujera. Ya fita ta taga, ƙafa ɗaya a kan buhun doyar, ya dafa kan mai babur ɗin ya dira. Sakatun gefen motar siminti ya cinye su. Ya daki na farko ya fita. Na biyu ya ƙi. Ya daka, ya daka, sifanar ta zame ta yanke masa yatsa, ya sake dakawa. Ya fita. Gefen ya faɗo da ƙara a kan baburan da aka yasar.

"Jama'a, gawa ce! Ku kama mana!"

Bai san daga inda hannuwan suka fito ba. Wani ɗan acaɓa da ya riga ya tsere ya dawo, ya cusa hularsa a aljihu. Wani mai rake. Wani mahauci da jini a riga. Samarin Fasto biyu da suka ji ihu suka dawo da gudu. Akwatin ya zame ta gefe, ya hau kafaɗu, ya ɗaga sama da kan babura. Abednego ya fito ta tagarsa, Allah kaɗai ya san yadda ya yi da tsawon nan nasa, ya shiga ƙarƙashin akwatin ta gaba.

"Gaba! Gaba kawai! Wanda ya ja baya ni da shi!"

Babu wurin taka ƙasa, sai suka riƙa taka tayoyi da kujerun babura, inda ya gagara su miƙa wa na gaba. Akwatin ya bi ta gefen rodin yana tangaɗi, Christina na biye da hannunta ɗaya a jikinsa, tsofaffin matan na biye da ita. Cikin abin da bai kai a sha ruwa ba bayan kanta ya zama wayam, sai tabarma da bencina da fasasshen tulu.

Ƙarfen layin ya fara wani siririn zuzu a ƙarƙashin ƙafar Nababa.

An ce masa in an fitar da mutane a manta da mota. Ya manta da ita, har ya ɗaga ƙafa zai gudu. Sai ya dubi dama, inda jirgin zai watsa ta in ya daka: rumfunan kasuwa ne har bakin layi, da mutanen da suka gudu can don ba su san ba can ake gudu ba. Ya dubi baya. Ɗangoggo ya koma cikin tifa, ya tura ta baya da ƙarfin tsiya, tayarta ɗaya ta hau teburin mai tumatir ta faɗa kwata. Fili ya buɗe. Ko ya isa, ko bai isa ba, Nababa bai tsaya aunawa ba.

Ya shiga ta taga da ka. Ya taka kuloci, ya ja giya. Ta yi gurnani ta ƙi shiga, halinta ne in an yi mata gaggawa. Ya saki, ya ce bismillah, ya sake takawa a hankali kamar ba abin da ke tafe. Ta hagu, a bakin kwana, fitilar jirgin ta fito, tana haske da tsakar rana. Ƙarar burkinsa ta cika duniya. Giyar ta shiga.

Ya saki burkin hannu. Kanta ta yi baya, tayar gaba ta hau ƙarfe ta sauka, ta hau ɗayan ta sauka, gefen da ke lilo na jan babur ɗin wani a ƙasa. Bai ɗaga ƙafa ba sai da ya ji bayansa ya daki hancin tifa, gilashi ya tarwatse.

Jirgin ya wuce ta gaban gilashinsa. Ya rage gudu sosai, tutar Thaddeus ta yi aiki, amma bai tsaya ba, ba zai iya ba. Iskarsa ta fizge ɗanyen ganyen da ke soke a gaban motar ta yi sama da shi. Tarago na bin tarago, fuskoki a tagogi, wasu sun ɗaga waya. Ta tsakanin taragun Nababa na hango ƙetare kaɗan-kaɗan: farin akwati a kan kafaɗu, ya wuce tirela, ya wuce keken gawayi, yana hawa hanya.

Da jirgin ya shige, Nababa ya ja burkin hannu.

Thaddeus ya dawo yana haki, rigarsa sharkaf, tutar a hannu. Ya tsaya a bakin taga.

"Baba, kai? Kai da nake nuna wa yara kullum in ce su yi koyi da kai?"

"Ni ne."

"Ba ka ga babu fili ba?"

"Na gani. Na ɗauka zai buɗe."

"Kowa haka yake ɗauka." Ya goge fuska da tutar. "Sai na rubuta lambar motarka, ka sani."

"Rubuta, ɗana."

Ɗangoggo ya iso yana duba hancin tifarsa, mai tumatir na biye da shi tana zazzaga masifa.

"Liman, ka fasa min fitila, ka haɗa ni da Hajiya. Yau dai ka ja mu sallah babu alwala." Ya leƙo, ya ga yatsan da ke zubar da jini, ya ciro tsumma daga aljihu ya jefa masa. "Ɗaure. Ni ma da na bi ka har ƙarƙashin ƙarfe, wa ya aike ni? Kawar da akwalar nan gefe, zan sa ido a kanta. Je ka, mutanenka sun yi nisa."

Nababa ya samu ya raɓa kanta a gefen hanya, nan wannan ɓangaren, ya ɗaga gefen da ya buɗe ya ɗaure da igiya. Ya taho da ƙafa. Da ya zo bakin layin ya tsaya, ya duba hagu, ya duba dama, ya sake dubawa, yara masu tallan ruwa na kallonsa. Sannan ya tsallaka.

Ya same su sun bar kwalta sun kama 'yar hanyar da ta nufi gindin dutse, tsakanin katangar wasu sababbin gidaje da gonar rogo. Fasto ya bar akori-kurarsa, gicciye na gaba. Matan sun koma waƙa, babu tulu, sai tafi. Mahaucin nan har yanzu yana cikin masu ɗauka, da alama ya manta da teburinsa.

Nababa ya bi bayansu a hankali, bai san inda zai tsaya ba. Christina ce ta fara ganinsa. Ta taɓa hannun Abednego. Tsohon ya waiwayo da kai kawai, ƙafafunsa na ci gaba da tafiya.

"Kai mai nama, na gode, Allah ya biya. Matsa ka ba shi wuri. Shi ya fitar da shi."

Ba su tsaya ba, a cikin tafiya aka yi canjin. Nababa ya sa kafaɗa. Katakon ya ɗumama da rana. Ya saba da buhun siminti, ya yi zaton zai ji nauyi, sai ya ji Zakari ya zama ba nauyi, jinya ta cinye shi. Gefen akwatin ya zauna masa a ƙashin wuya, yana gogarsa da kowane taku.

Sun ɗan taɓa tafiya, dutsen ya fito gaba ɗaya a gabansu, sannan Abednego ya yi magana ba tare da ya juyo ba.

"Motar fa?"

"Ta koma baya, Yaya. Ita kaɗai."

Tsohon ya juya maganar a ransa.

"To," ya ce. "Mota ba ɗan gidanmu ba ne. Ku ɗaga ta hagu, akwai kwazazzabo a gaba."